Kwalin Taurari da Ƙanzon Tuwo

Kwali ɗaya na manna a jikin firij, saura ƙiris ya raba ni da 'yata ta fari. Kwalin ma ba wani na kirki ba ne, tsohuwar kalanda ce na juya bayanta na ja layi da rula. A unguwar Takur ta Dutse muke zaune a lokacin, a gida mai ɗaki uku da darbejiya ɗaya wadda ba ta da aiki sai zubar da ganye. Ni ce da maigidan da yara uku: babbar mai shekara goma sha uku, namijin mai tara, sai auta da ta shiga shida.

Dabarar ba tawa ba ce. Daga ofis aka tura mu wani taron bita na kwana uku, kuma a rana ta biyu, bayan an ci shinkafa ido ya fara nauyi, wata mata mai gilashi da ta zo daga Abuja ta hau kan zancen tarbiyya. Ta ce yaro ba ya jin tsawa, lada yake ji. Ta ce a rubuta ayyukan gida a kwali, duk wanda ya yi ɗaya a manna masa tauraro, in taurari sun taru a ba shi wani abu. Ta nuna mana hoton wasu yara a majigi suna goge tebur suna dariya. Ni dai ban taɓa ganin yaro yana goge tebur yana dariya ba. Amma na lura muryar matar garau take, ba irin tawa ba da ta dushe wajen kiran ɗa namiji sau bakwai kafin ya ɗauke takalminsa daga bakin ƙofa. Na rubuta duk abin da ta faɗa a ɗan littafin da aka raba mana.

Da na zauna tsara kwalin, abin da ke ci min tuwo a ƙwarya na rubuta. Share ganyen darbejiya, zubar da shara, cika butoci, kwashe takalma, ba kaji dusa da ruwa. Wato duk abin da namijin da auta ke gudu. Ban rubuta wanke-wanke ba, ko wankin kayan makaranta, ko yi wa auta wanka da shirya ta da safe, domin waɗannan ba matsala ba ne, ana yin su. Babbar ke yin su tun tana shekara tara ba tare da an ce mata kanzil ba, kuma mutum ba ya rubuta abin da ba ya damunsa. Na dai ja mata layinta a can sama na sa sunanta, don a yi adalci.

Na tara su na yi bayani. Na ce tauraro goma, dabino cikin hannu.

Namijin ya dube ni ya ce, "Umma, a Dutse fa muke."

Gaskiyarsa. Garin da ko gaisuwa ka shiga maƙwabta sai an cika maka aljihu da dabino, ba za ka ja yaro da shi ba. Muka yi ciniki muka daidaita: tauraro goma, rabin awa da wayata ranar Asabar. Ashirin kuwa, tsire. Babbar tana tsaye a bakin kicin da soso a hannu, ta saurara har muka gama, ta koma ta ci gaba da abin da take yi.

Satin farko na ɗauka na gano abin da ya gagari iyayenmu. Tsakar gida fes, butoci a cike, takalma a jere kamar ƙofar masallaci. Har na ba mata biyu labari a ofis, na yi musu alkawarin zana musu irin kwalin.

A sati na biyu na leƙa ta taga na ga namijin a saman darbejiya yana girgiza reshe. Ya sauko ya share, ya zo ya karɓi tauraro. Bayan la'asar ya sake hawa. Butoci kuwa ban san dalilin da ya sa suke ƙarewa sau huɗu a rana ba, sai da na ga gindin bishiyar ya yi laka. Kaji suka ci dusa har suka fara kauda kai in sun hango shi. Daga nan ya ɗauki auta aiki: ita ke kwashe takalma, shi ke karɓar tauraro, ladanta a bar ta ta leƙa wayar ta bayan kafaɗarsa ranar Asabar. Na kira shi na yi masa faɗa, ya tambaye ni a wane layin kwali aka hana.

Taurarin mannawa da na saya a shagon littattafai suka ƙare, na koma zanawa da jan biro. Kwana biyu da haka taurari suka fara haihuwa cikin dare da rana, sai na koma sa hannu a gefen kowane ɗaya kamar takardar ofis. In na aike shi ya miƙo min ashana sai ya ce, "Umma, yana cikin kwali?" Shi ma maigidan da ya gyara famfon banɗaki ya zo ya tsaya a gaban firij, ya goya hannu a baya yana karantawa, ya tambaye ni na famfo nawa ne.

Duk wannan abin dariya ne, kuma na ba da labarinsa a ofis an yi dariya. Abin da ban ba da labarinsa ba shi ne layin sama. Bayan wata guda da 'yan kwanaki layin namijin ya cika har ya gangaro gefe, na auta ya kai rabi, na babbar kuwa taurari biyu ne. Su ma ta same su ne a kwana biyun da zazzaɓi ya kwantar da ƙaninta ta yi masa shara. Kullum sai na buɗe firij ɗin nan, don haka ba zan ce ban gani ba.

Ni ma 'yar fari ce. Mutanenmu na wani ƙauye ne gaba da Kafin Hausa, asalinsu masu shanu, kuma alkunyar ɗan fari a wajensu ba wasa ba ce. Mahaifiyata, Inna, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in abin ya yi tsawo "waccan". Ƙannena tana kiran su, tana yi musu kitso a kan cinya, tana cewa Allah ya yi musu albarka in sun ɗebo ruwa. Ni in na ɗebo sai ta ce wa bango tulun can bai cika ba. Na girma da wannan a raina, na kuma rantse ba zan yi wa tawa 'yar haka ba. Ina kiran sunanta gatsal, a gaban kowa, har ina faɗa wa mutane cewa alkunya tsohon yayi ce. Sai dai kiran suna daban, yabo daban. In na buɗe baki zan ce mata sannu sai harshena ya yi nauyi, in ji kaina ina cewa ba a goge bayan tukunya ba. Wata rana ta wanke kicin tun daga bango har ƙasa, na ɗauki jan biro na nufi firij. Na ɗaga hannu ke nan na ga auta tana kallona, sai kunya ta kama ni kamar an kama ni ina tsamo nama a miya. Na buɗe firij na ɗauki ruwan da ba na jin ƙishinsa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Inna.

Ana cikin haka aka yi dogon hutu, Inna ta zo Dutse za a yi mata aikin ido. Ta iso da kwalbar man shanu, da ƙullin daddawa da kuka, da 'yar mararta ta kwasar tuwo, don ba ta yarda da ta roba ba. Aka yi aiki lafiya, aka rufe ido ɗaya da auduga, likita ya ce ta zauna sati biyu a kusa kafin ta koma.

Kwananta huɗu, muna cin abinci ni da maigidan, ya ce, "Yarinyar nan ta same ni da magana."

"Wace yarinya?"

"Babbar. Ta ce tana so ta bi Inna."

"Hutu ai ba laifi."

"Ba hutu ba. Zama. Ta ce a nema mata makaranta a Kafin Hausa, inda 'ya'yan ƙaninki suke zuwa."

Na ajiye cokali. Na ce ta faɗi dalili? Ya ce ta ce Inna na bukatar mai taimaka mata saboda ido, nan gidan kuwa akwai masu aiki da yawa, ga shi nan a rubuce. Ya ce shi ya gaya mata sai abin da na ce.

Abin da ya kamata in ce a fili yake. Amma ta tsallake ni ta je wajen ubanta, wannan ya ƙona min rai, kuma na san tana kicin tana jin mu. Na ɗaga murya yadda zai kai can na ce, "Ta je mana. Wa ya riƙe ta?"

Ƙarar kwanuka ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Washegari maigidan ya buga wa ƙanina waya a kan maganar makaranta, don shi mutum ne da in an ce masa abu yake ɗauka an faɗa. Ita kuma ta ninke kayan makarantarta na nan Dutse, siket da riga da farin hijabi, ta sa a leda ta ɗora a saman firij, daidai kan kwalin. Ta ce, "Umma, a ba mai bukata." Aka tsayar da Asabar ta sama, ranar da likita zai sallami Inna. Kwana goma ke nan. Tsoro ya kama ni. Na san in ta tafi a haka, ko ta dawo wata rana, baƙuwa ce za ta dawo. Kalma uku ce, kada ki tafi, kuma ni da ke rubuta wasiƙar ofis mai shafi huɗu na kasa haɗa su. Ledar nan kuwa ko taɓa ta ban iya ba.

Inna ba ta ce komai ba a kan tafiyar. Kwalin ne ya ɗauki hankalinta. Wata safiya ta tsaya a gabansa da idonta ɗaya, ta kira auta ta ce, "Ƙawata, wannan rubutun na mene ne?"

Auta ta yi mata bayani tiryan-tiryan, har da maganar tsire.

"Wannan da ya cika fa?"

"Na Yaya ƙarami ne."

"Angona ke nan, ba ya wasa. Wannan na sama da babu komai?"

"Na Yaya babba."

"Ita ba ta aiki?"

"Tana yi. Nata ba ya cikin kwali."

Inna ta daɗe tana kallon layin. Ina tsaye a bayanta da faranti a hannu. Ba ta juyo ba, ta ce wa firij, "Mutanen gidan nan sun yi karatu mai yawa." Ta ja sandarta ta fita.

Daga ranar ta karɓe tuwon dare. Likita ya ce ta guji hayaƙi, ta ce itace yake nufi, gawayi ba ya ciki. Gas kuwa ta ce ba ta girki da wutar da ba ta ga inda take fitowa ba. Aka fito da tsohon kurfoti aka ajiye a ƙarƙashin rumfar bayan kicin, saboda ruwan sama. Babbar ke talge da tuƙi, Inna na kan tabarma tana ba da umarni, amma in an zo kwasa sai ta matso ta karɓa da kanta. A nan na ga abin da ya ba ni haushi. Matar da na sani da tattali, wadda ba ta barin ƙwayar dawa a ƙasa, sai ga ta tana kwasar tuwo sama-sama, ta bar kauri guda a gindin tukunya, ta kuma mayar da tukunyar kan sauran garwashi ta manta da ita.

Na ce, "Inna, an bar tuwo da yawa a tukunya."

Ta ce, "Ido ne."

"Kuma ga shi tana kan wuta, za ta kama."

Ta ce wa kurfoti, "Ido ne."

Bayan an ci abinci sai ta sa a sauke tukunyar, tuwon gindin ya bushe ya yi ja ya zama ƙanzo. Ta ɗiga man shanu daga kwalbarta, ta barbaɗa gishiri da ɗan yaji, ta tura wa babbar da ƙafa. Ita kuma ta zauna a kan turmi da cokali tana ɓamɓarowa tana ci, in ta gama ta wanke tukunyar. Ƙamshin ya jawo namijin. Inna ta ce ƙanzo na mai wanke tukunya ne. Ya tambaya wanke tukunya tauraro nawa ne, ta ce tukunya ba ta da tauraro. Ya auna abin, sannan ya ce to ya yarda zai wanke a haka.

Inna ta ce, "Angona, tukunyar nan tana da mai ita."

Sai na ji babbar ta yi dariya. Na fi wata ban ji wannan dariyar ba, kuma ba a wajena ta fito ba. Ina cikin kicin ina jin su, kishi ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, wato ga wadda ta iya da yara, matar da ta sa ni wankin tukunya tun ina shekara bakwai har na tafi makarantar kwana. Tukunyarmu ta gida kullum a kame take, in tsuguna a bayan rumbu ina kankara har hannuna ya gaji. Ƙanzon ina ci, ba zan ce ba daɗi ba, amma a cikin jerin zaluncin da aka yi min na sa shi: ba a yaba min, kuma ba a ko kwashe tuwo da kyau don a rage min wahala.

Ranar Laraba, saura kwana uku, ƙanwata da ke aure a unguwar Yalwawa ta zo duba Inna. Ta yi yamma har aka kwashe tuwo. Za ta tafi ta biyo ta bayan kicin yi min sallama, ta ga tukunya a kan garwashi, ta fashe da dariya.

"Inna ta dawo da sana'arta ke nan."

Na ce, "Wace sana'a?"

"Ƙanzo mana." Tana neman takalminta ɗaya a cikin jerin da auta ta yi. "Yaya, ke wai ba ki sani ba? Ai ranar da kika tafi makarantar kwana ƙanzo ya ƙare a gidanmu. Ni na gaji tukunyar nan, shekara shida ina wankewa, tas Inna ke kwashe ta kamar an lashe. Sai kin zo hutu tuwo ke kamawa. Mu har murna muke in an ce kina hanya, ko za ki sam mana."

Na ce, "Ba ku taɓa faɗa min ba."

"Mu a zatonmu kin sani. Wa zai ci abu shekara da shekaru bai san nasa ba ne?" Ta samu takalmin ta zura. "Mu da ake kiran sunanmu, me za mu yi da ƙanzo. Sai da safe, Yaya, kada in rasa adaidaita."

Haka ta faɗe shi, kamar mai ba da labarin tsadar tumatur, ta tafi. Na shiga sito na rufe ƙofa, na tsaya tsakanin buhun shinkafa da kwandon albasa. Shekarata arba'in da ɗaya ina jiran matar nan ta ce min sannu, ashe ta yi shekaru tana faɗa kowace yamma, ni kuma ina cinyewa ina jin haushi. Na yi kuka sosai. Da na fito auta ta tambaye ni me ya samu idona, na ce albasa ce, kuma ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba.

Na je na zauna a gefen tabarmar Inna, abin da ban saba ba. Tana jan carbi. Na ce, "Inna, tuwon nan da kike bari a tukunya..."

Ta ce, "A gaya wa mutanen gidan nan gishirinsu ya kusa ƙarewa."

Na ce to, za a gaya musu. Muka zauna har aka kira isha'i.

Ranar Juma'a ana tashi da wuri daga ofis. Na dawo na tarar da jakar babbar a ɗaure a bakin ƙofar ɗakinsu, ledar kuma tana nan a saman firij. Da la'asar na ce yau ni zan yi tuwo, kuma a kurfoti. Maigidan ya dube ni ya dubi silindar gas da ya cika shekaranjiya. Rabona da hura gawayi tun kafin a haifi auta. Na yi fifita har kafaɗata ta amsa, na yi talge, na tuƙa. Da na zo kwasa na ari marar Inna. Ta miƙo min ba tare da ta tambayi dalili ba.

Ban san iya kaurin da ake bari ba. Na bar abin da ya kusa malmala guda. Ban kuma san iya wutar da ake so ba, sai na ƙara gawayi don kada abin ya ƙi kamawa. Na mayar da tukunya na shiga yin sallar magariba. Ina raka'a ta uku na ji ƙauri.

Kafin in sallame hayaƙi ya cika rumfa ya shigo falo. Namijin na ihu wai gobara, yana tambaya in ya kawo ruwa yana cikin kwali. Maigidan ya dawo daga masallaci da sauri yana cewa tun daga bakin layi yake jin ƙauri. Inna na zaune inda take, ta rufe lafiyayyen idonta da gefen mayafi. Na sauke tukunyar da tsumma. Gefe-gefen ya yi ja yadda ake so, tsakiyar kuwa baƙi ƙirin.

Na yi tunanin jiƙa ta in ɓoye. Amma gobe Asabar, ba ni da wata yammar. Bayan an ci abinci na ɗauko kwalbar Inna na zuba man shanu har ya yi yawa, na sa gishiri da yaji. Na kira babbar da sunanta na ce, "Ga tukunya can."

Ta zo ta duba ciki. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi Inna, ta sake duban tukunyar. Ta jawo turmi ta zauna ta ɗauki cokali. Ni kuma na juya mata baya na kama wanke wani ludayi da yake a wanke.

Na ji ta ɓamɓaro ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Umma, wannan ai gawayi ne."

Na ce, "Kurfotin ne."

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da ci. Ina jin cokali yana kankarar gindin tukunya, ina ta cuɗa ludayi. Na dubi bangon rumfa, wani wuri da siminti ya ɓare, na ce masa, "Sannu da aiki."

Cokalin ya tsaya. Ban juya ba, don na san in na juya ba zan iya riƙe fuskata ba. Can ya ci gaba. Ta cinye har baƙin, ta wanke tukunyar ta kife. Ba ta ce ta fasa tafiya ba, ni ma ban ce kada ta tafi ba. Jakar ta kwana a inda take.

Da safe muka kai Inna wajen likita ya duba ya sallame ta, maigidan ya wuce da mu tasha. Aka samu ƙaramar bas ta Kafin Hausa saura mutum biyu. Babbar ta taimaka wa Inna ta hau, ta sa jakarta a ƙarƙashin kujera, ta leƙo ta ce, "Umma, sai..." Kwandasta ya ja ƙofa kafin ta ƙarasa. Mota ta fara motsi, sai Inna ta matso da fuskarta jikin taga, ba ni take kallo ba, wani mai sayar da rake take kallo a bayana. Ta ce, "A gaya wa mutanen gidan nan su dinga rage wuta."

A hanyar dawowa maigidan ya kunna rediyo ya kashe. Da muka shiga gida ban bi ta kicin ba, don ba na son ganin ledar nan. Amma ƙishi ya kai ni firij, kuma da na ɗaga kai babu komai a samansa sai ƙura da zanen inda leda ta zauna. Na zaci maigidan ya bayar. Na fita baya in tambaye shi da wane izini.

Suna kan igiya a ƙarƙashin darbejiya. Siket da riga da farin hijabi, an wanke su da sassafe kafin mu fita, an kama kowanne da abin maƙala biyu yadda take yi, bakin siket ɗin bai gama ɗiga ba. Na tsaya a wurin ruwan na sauka a kan yatsun ƙafata. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Namijin ya zo ya tsaya kusa da ni, shi ma ya ɗaga kai yana kallo. Ya ce, "Umma, in sun bushe na kwashe, tauraro nawa?"

Na ce, "Kada wanda ya taɓa su. Suna da mai su."

Sati uku suka yi a kan igiyar nan. Damina ta sake wanke su ba sau ɗaya ba, rana ta ci launin siket ɗin, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga sau biyu tana tuna min na manta da shanya. Na ce mata na sani. Ranar da mai su ta dawo, ta ajiye jaka ta gaishe mu, ta wuce baya ta kwashe kayanta.